RA'AYINMU: Rahoton Yanayi Da Titin Sauka A Filin Jirgin Saman Kano

A kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kusa ƙarewa iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, sai harkar jiragen sama a arewacin ƙasar nan ta shiga wani hali. Jirgin da aka shirya zai sauka Kano da hantsi sai a ji an ɗaga shi zuwa la'asar, ko a soke tafiyar ɗungurungum, ko kuwa ya zo har sararin birni ya yi ta shawagi, sa'an nan ya juya ya koma inda ya fito. Ma'aikacin gwamnati ya rasa taron da aka kira shi a Abuja, ɗan kasuwa ya rasa ciniki, majinyaci ya rasa ranar ganin likita, kuma iyakar abin da za a gaya musu shi ne wai yanayi ne bai yi kyau ba. Mun ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin abin da ke ƙunshe cikin wannan magana, domin jama'a su san inda ya kamata su yi haƙuri, su kuma san inda ya kamata su tuhumi hukuma.

A ganinmu, abin da ke mayar da fili ya zama filin jirgin sama abu biyu ne: sahihin rahoton yanayi wanda ke isa kunnen matuƙi a kan kari, da sahihin bayani game da titin da zai sauka a kai. Zauren jiran fasinja da tayil da gilasai da na'urar sanyaya ɗaki duk ado ne mai amfani, amma ba su taɓa saukar da jirgi ba. Abin takaici shi ne adon ake kai manyan baƙi su gani ranar buɗewa, shi ake ɗauka hoto, shi ne kuma ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin kwangila, alhali kayan awon iska da fitilun titi da ma'aikatan da ke kwana a kansu ba a cika tunawa da su ba sai ranar da ta ɓaci.

Kano ta fi kowane gari a ƙasar nan daɗewa da sanin wannan al'amari. A nan jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya cikin 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar, kuma a 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano. Tun daga lokacin filin ya zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara, ya kuma zama ƙofar da dubban alhazai ke fita ta cikinta. Filin Malam Aminu Kano yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 476 daga bakin teku, a yankin da hazo ke rufewa da hunturu, zafi ya gasa da bazara, hadari da guguwa su far masa da damina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta uku da irin haɗarin da yake kawo wa jirgi.

Hazon da muke gani ƙura ce da iska ke kwasowa daga hamada, kuma mafi yawanta daga wani kwari take tashi mai suna Bodele a arewacin Cadi, inda a da can ruwan tafkin Cadi ya kwanta ya bar laka mai laushi kamar gari. Idan iska ta yi ƙarfi a can, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Maiduguri da Kano da Katsina da Sakkwato. Ranar da ta yi kauri, nisan da ido ke iya gani yakan ragu daga kilomita 10 ya koma ƙasa da kilomita ɗaya. Mai tafiya a ƙasa ya ja rawani ya rufe hanci ya wuce, direban mota ya kunna fitila ya rage gudu. Matuƙin jirgi kuwa yana tunkarar ƙasa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, ba shi da gefen hanya da zai faka ya jira gari ya washe.

Saboda haka ne ƙasashen duniya suka amince da tsari guda na ba da labarin yanayi, ƙarƙashin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944. A Nijeriya wannan aiki yana wuyan Hukumar Kula da Yanayi, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa. Ma'aikatanta da ke filin jirgi suna auna yanayi suna fitar da gajeren rahoto da ake kira METAR kowane rabin awa ko kowace awa, dare da rana. Idan kuma yanayi ya juya farat ɗaya, kamar hadari ya taso ko ƙura ta rufe fili, sai su fitar da rahoto na musamman mai suna SPECI ba tare da jiran lokaci ya cika ba. Rahoton yana zuwa hasumiyar masu ba jirage umurni, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar NAMA, su kuma su isar da shi ga matuƙi.

Rahoton layi ɗaya ne na haruffa da lambobi, wanda matuƙi daga kowace ƙasa zai karanta ya fahimta. Yana farawa da sunan fili: DNKN shi ne Kano, DNSO Sakkwato, DNMA Maiduguri, DNAA kuma Abuja. Sai rana da lokaci bisa agogon duniya, wanda agogon Nijeriya ya gabace shi da awa ɗaya. Sai iska: a misali, idan aka rubuta 06008KT, ma'anarsa iska tana busowa daga kusurwar digiri 60, wato arewa maso gabas, da gudun not 8, kimanin kilomita 15 ke nan a awa. Sai nisan gani cikin mita: 9999 na nufin kilomita 10 ko fiye, 0800 kuwa mita 800 kacal. Haruffan HZ na nufin hazo, DU ƙura, TS tsawa. Daga nan sai gajimare da tsawonsa daga ƙasa, sai zafi da laima, sai nauyin iska, wanda ake sa wa harafin Q a gaba.

Wannan lamba ta ƙarshe ita ce mai karatu zai iya rainawa, alhali kuwa rai na rataye a kanta. Da nauyin iska na'urar matuƙi take lissafa nisansa daga ƙasa, kuma dole ya saita ta da lambar da aka ba shi daga filin da zai sauka. Kowane ma'auni ɗaya na kuskure yana haifar da bambancin kimanin mita 8. Ashe ke nan idan na'urar awo ta lalace, ko aka karanta wa matuƙi tsohon rahoto har kuskuren ya kai ma'auni 10, zai ɗauka yana sama da mita 80 fiye da inda yake a haƙiƙa. Cikin hasken rana ido zai gyara masa. Cikin hazo ko duhun dare babu mai gyarawa. Haka ma zafi: idan ya haura digiri 40, kamar yadda yakan yi a Kano da Sakkwato da Maiduguri cikin Afrilu da Mayu, iska takan yi sako-sako, ƙarfin inji ya ragu, jirgi ya buƙaci doguwar gudu kafin ya ɗaga. A shekarun nan jigilar alhazai tana faɗowa ne cikin bazara da farkon damina, da manyan jirage maƙare da mutane da kaya, saboda haka wannan lissafi ya shafi kowane gida.

Baya ga rahoton abin da ke faruwa a yanzu, akwai hasashen abin da ake tsammani, wanda ake kira TAF. Ana fitar da shi kowace awa shida, kuma a manyan filaye yakan ɗauki awa 24 ko 30 masu zuwa. Da shi kamfani da matuƙi suke yanke shawarar tashi ko jinkirtawa, da yawan man da za a sha, da filin da za a karkata idan an iske wurin sauka a rufe. A nan ne wahalar arewa take, domin idan hazo ya sauka ba gari ɗaya yake rufewa ba. Wanda ya kasa sauka Kano yana iya iske Katsina da Kaduna su ma a lulluɓe. In hasashen bai inganta ba, sai matuƙi ya tashi da dogaro ga mafakar da ba ta nan.

Abu na biyu shi ne titin sauka. Lambobin da ake rubutawa da farin fenti a bakin kowane titi suna nuna kusurwar da ya fuskanta bisa kamfas. Babban titin Kano ana kiransa 06/24, tsawonsa kimanin mita 3,300: wanda ya shiga ta ɓangaren 06 ya fuskanci arewa maso gabas, wanda ya shiga ta 24 ya fuskanci kudu maso yamma. Akwai na biyu, 05/23, wanda bai kai mita 2,500 ba. Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, don haka rahoton iska shi ke zaɓen ɓangaren da za a yi amfani da shi. Iskar da ta bugo ta gefe ko ta baya tana da iyakar da kowane irin jirgi zai iya jurewa. Bambancin fiye da mita 800 tsakanin titunan biyu kuwa, ga jirgi mai nauyi a ranar zafi, ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wani canji da ya sami titi, ko an rufe wani sashe don gyara, ko fitila ta mutu, ko na'urar sauka ta daina aiki, wajibi ne a shelanta shi cikin sanarwar da ake kira NOTAM, wadda matuƙi ke karantawa kafin ya tashi. Tun daga Nuwamba 2021 kuma ICAO ta wajabta wa ƙasashe tsari guda na bayyana santsin titi: a raba shi kashi uku, a ba kowane kashi lamba daga 0 zuwa 6, inda 6 ke nufin busasshe, 2 kuwa ruwa ya kwanta. Kula da kwalta da fitilu da shinge a filayen tarayya aikin hukumar FAAN ne. Mun ga sakamakon barin titi ya tsufa a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja har mako shida daga 8 ga Maris, aka mayar da jiragen babban birnin ƙasa Kaduna, fasinjoji suka riƙa ƙarasawa ta mota da jirgin ƙasa.

Akwai na'ura mai suna ILS wadda ke aika wa jirgi sigina ta rediyo ta ja shi daidai tsakiyar titi ko da matuƙi bai hango ƙasa ba tukuna. Tana da aji uku. Da aji na ɗaya matuƙi zai iya saukowa har mita 60 daga ƙasa, muddin nisan gani a kan titi ya kai mita 550. Da aji na biyu zai sauko har mita 30, da nisan gani mita 300. Aji na uku ya fi haka sauƙaƙawa. Amma na'urar ba ta aiki ita kaɗai: tana buƙatar lantarki mara yankewa, da cikakkun fitilun titi, da na'urorin auna gani a gefen kwalta, da jirgi da matuƙi masu takardar izinin amfani da ita, da kuma jirgin gwaji da zai riƙa tantance daidaitonta lokaci-lokaci. A Fabrairu 2020, da hazo ya gangara har Legas ya iske na'urar filin ba ta gama shiri ba, jiragen ƙasashen waje suka yi ta karkata zuwa Accra ta ƙasar Gana, matafiya suka yi kwanaki a can. In haka ta sami filin da ya fi kowanne hada-hada, sai a auna halin ƙananan filaye.

Kada a ɗauka tsoratarwa muke yi. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Wajen sauka cikin iska mai ƙarfi ƙafafunsa suka karye, ya kauce daga titi, ya kama wuta. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202 da ke ciki, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da rana tsaka cikin zafin bazara, jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, ya faɗa kan gidajen jama'a a Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, wasu a cikin jirgi wasu a cikin ɗakunansu.

Ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin ruwa da tsawa, mutum 108 suka rasu, 60 daga cikinsu yara ne 'yan makarantar sakandare da za su hutu. Masu bincike sun ce matuƙan sun ci gaba da saukowa ba tare da sun hango titi ba, sun kuma ambaci cewa fitilun filin ba a kunne suke ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken ya ɗora alhakin a kan tashi cikin mugun yanayin da aka riga aka sani, da kasa shawo kan jirgi lokacin da iska ta juya masa ba zato. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa nauyin aikinsa ba. A waɗannan haɗurra akwai yanayi, akwai titi, akwai kuma shawarar da ɗan Adam ya yanke.

Ƙasar nan ta ƙara ganin darajar wannan aiki a Afrilu 2025, lokacin da ma'aikatan NiMet suka tafi yajin aiki kan albashi da yanayin aikinsu, har kamfanin Air Peace ya dakatar da jiragensa a faɗin ƙasa domin ba zai tashi ba rahoto ba. Kwana biyu zuwa uku kacal suka isa a gane cewa ƙaramin ma'aikacin da ke fita da asuba ya duba ma'auni yana riƙe da mabuɗin sararin samaniyar Nijeriya. Bai kamata a ce sai ya ajiye aiki ake sanin yana nan ba.

Yanzu jihohi da dama a arewa sun gina filayen jirginsu, kamar Jigawa a Dutse da Kebbi a Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe, wasu kuma suna kan hanya. Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma duk gwamnan da ya ɗauki kuɗin talakawa ya shimfiɗa titin jirgi ya sani ya ɗaura wa jiharsa hidimar da ba ta ƙarewa ranar yanke ƙyalle. In babu tashar awon yanayi mai aiki dare da rana, babu fitilu, babu shingen da zai hana dabbobi tsallaka kwalta, to jiha ta mallaki filin da jirgi zai iya amfani da shi ne kawai a ranar da gari ya yi garau, wato ranar da ko ba shi ma mota za ta wadatar.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama da hukumominta da su mayar da watannin Satumba da Oktoba lokacin kammala gwaji da saita duk na'urorin sauka da na awon yanayi a filayen arewa, tun da kowa ya san lokacin zuwan hazo, ba baƙon da ke zuwa ba sallama ba ne. Na biyu, a keɓe wa fitilun titi da hasumiya da tashar yanayi wutarsu ta daban, da janareto da hasken rana a matsayin madadi, kuma kuɗin gyara da na mai ya zama yana da gurbinsa a kasafi wanda ba a taɓawa. Na uku, a biya masu awon yanayi haƙƙinsu a kan kari, a ƙara yawansu don kada mutum ɗaya ya kwana ya wuni a kan aiki. Na huɗu, hukumar NCAA ta tilasta wa kamfanoni su riƙa gaya wa fasinja gaskiya, da Hausa da Turanci: nisan gani mita kaza ne, doka ta ce sai ya kai kaza. In an yi haka za a daina fakewa da hazo a ranar da matsalar ta kamfani ce.

Ga ma'aikatan gwamnati muna da magana biyu. Wanda fayil ɗin sayen kayan gyaran na'ura ko man janareton fili ya kwana a teburinsa ya tuna cewa jinkirinsa yana iya zama sanadin rayuka, har da tasa ko ta iyalinsa. Manya kuma, masu riƙe da muƙami da masu hayar jirgi, su daina matsa wa matuƙi lamba ya tashi don taro na jiransu. Matuƙin da ya ce ba zai tashi ba, ko ya juya daga kan Kano ya koma Abuja, aikinsa ya yi, kuma ya cancanci godiya. Masu iya magana sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Ga ɗalibai kuwa, wannan fage ne da ke neman masu ilmin lissafi da kimiyya da labarin ƙasa. Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage umurni, NiMet kuma tana da makarantun koyon ilmin yanayi a Oshodi da Katsina. Ba kowa zai zauna a kujerar matuƙi ba, amma matuƙi ba ya sauka sai da wanda ke ƙasa. Ya kamata gwamnatocin jihohinmu su tura 'ya'yanmu waɗannan makarantu da kuɗin tallafi, domin waɗanda suka tashi cikin hazo su zama su ne masu auna shi.

Hazo ba zai fasa zuwa ba, haka zafin bazara da hadarin damina. Abin da ke hannun hukuma shi ne ta tabbatar kowane rahoto da ya fita daga filin Kano da sauran filayen arewa gaskiya ne, sabo ne, kuma ya isa ga matuƙi kafin ya yanke shawara. Muna fata majalisun dokoki, na tarayya da na jihohi, za su nemi a kawo musu lissafin abin da aka kashe kan kayan awo da fitilu da gyaran titi kafin su amince da wani sabon ginin zauren fasinja. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan haɗurra, ya kiyaye matafiyanmu a sama da ƙasa, amin.